Wanda Ya Kashe Ruwan Wari

Da hantsi labarin ya iso ƙauyen, cewa an kashe Ruwan Wari.

Ruwan Wari marmaro ne mai ɗumi da ke fitowa daga tsagar dutse a bayan gonakin citta, a gindin duwatsun Kagoma. Ba a shan sa, ba a wanki da shi, saboda warinsa irin na ruɓaɓɓen ƙwai. Yana taruwa a wani kwarmin dutse da bai fi faɗin tabarma biyu ba, kuma tun zamanin kakanni wata gansakuka mai kauri ta lulluɓe kwarmin. Babu wanda ya taɓa kula ta, sai da Emilia, 'yar marigayi malamin makarantar ƙauyen, ta dawo daga karatu ana kiranta Dokta. Ta kewaye wurin da waya, ta yi masa ƙofar langalanga, ta ce baƙi masu bincike za su zo daga jami'a da ƙasashen waje don su gan shi.

Saura mako guda baƙin su iso aka wayi gari kwarmin fari fat. An kankare gansakukar har dutse, an zuba wani abu mai ƙauri a ruwan, ƙofa kuma a buɗe. Ga sawun shanu ko'ina.

Mai gari ya aika a kira Azariya. Tsoho ne da ya yi aikin gadin gandun daji har ya yi ritaya, kuma kafin nan maharbi ne. In akuya ta ɓata ko an haƙe doya a gona, shi ake nema. Ba ya sauri, ba ya ɗaga murya, kuma ba ya faɗin abin da ƙasa ba ta faɗa masa ba.

Da ya isa marmaron ya tarar samari sun cika wurin, sun tattake duk gaban ƙofar. Shugabansu Jonathan, manomin citta, yana nuna ƙasa da bakin adda.

"Baba, ba sai ka wahala ba. Ga ƙafar shanu nan. Shanun wa ke kiwo a bayan dutsen nan in ba na Nuru ba?"

"Na ga ƙafar shanu," in ji Azariya. "Na kuma ga taka a kanta. Ku ɗan matsa baya, 'ya'yana."

"Mun gaya wa mai gari. In aka tashi kasuwa jibi rugar nan tana nan, mu da kanmu za mu tashe ta. Yau ruwan Dokta, gobe rijiyarmu."

Kowa a ƙasar nan ya san yadda irin wannan magana take farawa, ya kuma san yadda take ƙarewa. Akwai ƙauyukan da Azariya ya sani da yawan jama'arsu, yanzu ciyawa ce ke tsirowa a ɗakunansu.

Emilia tana zaune a kan dutse can gefe, hannuwanta a cinya. Ya je ya tsuguna kusa da ita.

"'Yata, sannu. Ki gaya mini abin da aka kashe, don in san abin da nake nema. Ni dai gansakuka na sani."

Ta share ido. "Gansakuka ce, Baba, amma hawa-hawa take. In ka yanka ta za ka ga kore a sama, ja-ja a tsakiya, baƙi a ƙasa. Kowane hawa gari ne na ƙananan halittu waɗanda ido ba ya gani. Na can ƙasa ba sa bukatar iskar da muke shaƙa, farar wutar da ke cikin ruwan ita ce abincinsu. Kafin a yi itace ko kifi ko tsuntsu a duniya, masu rai irin waɗannan ne kaɗai suke zaune a cikinta."

"Su baƙin fa, me za su yi da su?"

"Akwai na'urori da aka tura duniyar Mars suna duba duwatsu. A da can akwai ruwa a wurin. In wani abu ya taɓa rayuwa a ciki, ba za a same shi ba, sai dai alamar da ya bari a jikin dutse. To ba za ka gane alamar ba sai ka san mai ita. Shi ya sa muke koyo a wuri irin wannan."

Azariya ya gyaɗa kai. "Wato bin sawu kuke yi."

"Bin sawu ne, Baba." Ta kalli farin dutsen. "Ta fi kakata shekaru. Ko ta sake tsirowa, ban san ko zan ga ta kai yadda take ba."

"Wa kike zargi?"

"Ba na zargin kowa. Ina roƙonka abu ɗaya, kada a zubar da jinin mutum saboda aikina."

*

Rugar Nuru tana bayan dutsen. A nan aka haife shi, a nan aka binne mahaifinsa, kuma yana jin yaren ƙauyen kamar kowa. Azariya ya tarar mata suna ɗaure ƙwarya da tukwane cikin raga, an riga an sauke rufin bukka ɗaya. Nuru yana durƙushe kusa da wani maraƙi da ke kwance yana kumfar baki.

"Sannu da zuwa, Baba. Ka zo ganin mai laifi?"

"Na zo ganin maƙwabcina. Shanunka sun shiga wurin?"

"Sun shiga. Da asuba na bi da su ta can, na ga ƙofa a buɗe. Manyan sun sunsuna sun juya, wannan wawan ne ya kafa baki. Da ƙyar na janye shi."

"Kwarmin fa, yaya yake a lokacin?"

"Fari kamar an zuba nono. Na ɗauka Dokta ce ta kwashe kayanta."

"Me ya hana ka zuwa ka faɗa?"

Nuru ya ɗago ya dube shi. "Baba, in na je na ce na ga ɓarna, wa za a ce ya yi ta? In na yi shiru ma ga shi ni ne. Na zaɓi wanda ba sai na taka da ƙafata ba."

Azariya ya buɗe bakin maraƙin ya sunsuna. Ƙaurin bilic ne, irin wanda mata ke sa wa fararen kaya. Ya san makiyayi ba ya lalata ruwan da ke kan hanyar shanunsa, amma ya san wannan ba za ta ishi samarin hujja ba.

Inna Khairat, mahaifiyar Nuru, ta ɗaure wani ƙullin ba tare da ta kalle su ba. "Mun taɓa jira a wani wuri, lokacin ina amarya," ta ce. "Ba na sake jira."

"Ku ba ni gobe, Inna."

"Gobe taka ce. Jibi kuwa tamu."

*

A hanyar dawowa wata mata ta tare shi ta raɗa masa cewa a tuna da wa'azin Pasto Rufus. Watannin baya Pasto ya tsaya a majami'a ya ce akwai masu ilimin da suke so su ce kakan ɗan Adam yauƙin ruwa ne. Azariya ya same shi a bayan gidansa yana gyaran babur.

"Na faɗa, Baba, ban musa ba," in ji Pasto yana goge hannu. "Washegari yarinyar nan ta zo ta ce, 'Pasto, ka yi mini hukunci ba ka ji shaidata ba.' Ta ja ni ta sa idona a madubinta na duba ƙananan halittu. Ɗigon ruwa ɗaya, Baba, amma jama'ar da ke ciki ta fi ta kasuwar Kafanchan, kowa yana harkarsa. Na fito ina yabon Ubangiji. Har yau ba mu daidaita a kan komai ba, amma ni na yi mata baftisma. Zan kashe mata aiki?"

"Jiya ina kake?"

"Kafanchan, wurin taron ma'aikatan ikilisiya. A can na kwana, babur ya ƙi tashi. Ga shi nan har yanzu yana yi mini tawaye."

Daga nan Azariya ya nemi Jonathan a gonarsa, don an ce ya taɓa neman jan ruwan marmaron zuwa cittarsa kafin a kewaye shi. Jonathan ya yi dariyar takaici.

"Haba Baba! Na gwada, kunya uku suka ƙone. Ko kyauta aka ba ni ruwan nan ba na so. Ni abin da ke ci mini rai, Emilia tamu ce. Ita kaɗai muke da ita da ake kira daga ƙasar waje. A ce a yi mata haka mu yi shiru?"

"Ba shiru na ce ku yi ba. Jira na ce."

*

Da la'asar ya koma marmaron shi kaɗai. Ya fi son wannan lokacin, domin in rana ta karkata kowane ɗan zane a ƙasa yana samun inuwa. Bai tsaya a gaban ƙofa ba. Ya zaga ta bayan kwarmin, inda waya ta matse da dutse har samarin ba su shiga ba.

A nan ƙasa tana nan yadda aka bar ta. Abin da ya fara gani shi ne an yi shara. Ba irin sharar mai ɓoye sawu ba, wadda ake yi da reshe a gurguje. Shara ce ta tsintsiya, an bi ta a natse, an gama ta da zane mai lanƙwasa kamar ɓawon kifi, layi a kan layi. Kofaton shanu a kan zanen yake, ba a ƙarƙashinsa ba. Ke nan an gama aikin kafin shanu su zo.

Ya ci gaba da dubawa. A gindin wata ɗorawa an haƙa ɗan rami an zuba gansakukar da aka kankare, an rufe da toka da ƙasa, an daddanna, kamar yadda mace mai tsabta take binne shara. Sai kuma duwatsu. Daga ƙofa zuwa bakin kwarmin an jera ƙananan duwatsu gefe da gefe. Samari sun watsa yawancinsu, amma gurabensu suna nan a ƙasa.

Azariya ya zauna a kan dutse. A duk tsawon rayuwarsa bai taɓa ganin maƙiyi ya zo ɓarna ya jera duwatsu ba. A ƙauyen nan ana jera duwatsu a bakin hanya ne in babban baƙo zai zo, kamar ranar godiyar kaka ko ranar naɗin pasto.

Ya sake duban zanen. Kowace mace tana da hannunta a shara, yadda kowa yake da muryarsa. Wannan lanƙwasar daga dama take tashi ta faɗi hagu, kuma gajera ce. Mai hannun hagu ce, kuma ba ta iya miƙa hannun da nisa.

Bai ji daɗin da mai bin sawu yake ji in ya cim ma abin da yake nema ba. Ya tashi a hankali ya nufi gari.

*

Emilia ba ta gida, ta hau tudu neman layin waya don ta sanar da baƙin. Azariya ya yi sallama ya tsaya a bakin ƙofa. An share tsakar gidan tas, kuma zanen yana nan shimfiɗe tun daga murhu har bakin zaure, gajere, yana faɗuwa hagu.

Mama Dinah, mahaifiyar Emilia, ta fito da kofin ruwa. Ita ce uwar zumuntar matan majami'a shekara da shekaru. Tun da miji ya rasu ita ta yi ta dafa kunu tana sayarwa har yarinyar ta gama makaranta. Ta miƙa masa kofin da hannun hagu. Fatar yatsunta ta yi fari tana saɓulewa.

"Maman Emilia, me ya sami hannunki?"

"Wanki ne, Baba. Labule da zannuwan gado, saboda baƙi."

Ya sha ruwan ya ajiye kofin. "Daga ruga nake ɗazu. Inna Khairat tana ɗaure kaya. Kin san ta."

"Na san ta. Ita ta riƙa kawo mini nono lokacin da na haifi Emilia ruwan mamana ya ƙi zuwa."

"Sun sauke bukka ɗaya."

Mama Dinah ta zauna a kan turmi.

"Ta ce mini manyan mutane za su zo daga nesa su ga ruwan," ta ce, muryarta ƙasa ƙasa. "Na je na leƙa. Baba, wari, yauƙi, ƙazanta. Na ce yarinyar nan karatu ya sha mata kai, ba ta da lokacin gyara. A ce Turawa su zo su ga haka, su ce uwarta ba ta koya mata tsabta ba? Jiya da ta tafi Kafanchan na ɗauki tsintsiya da toka da bilic. Yini na yi. Na so ta je da safe ta gani ta yi murna."

"Da kika ji kukanta fa?"

"Na buɗe baki zan faɗa, sai na ji tana cewa shekarunta duka sun tafi. Sai na ji ana cewa Fulani ne. Na ce bari in jira hankalinta ya kwanta." Ta rufe fuska da gefen zani. "Duk sa'ar da ta wuce sai maganar ta ƙara nauyi."

"Wankin kuskure ne, Maman Emilia, kuma ƙauna ce ta sa ki. Shirun ne yake neman ya ci mutane." Ya miƙe ya ɗauki sandarsa. "Gobe da safe mai gari zai tara jama'a. Zan faɗi abin da na gani a ƙasa, ba zan rage ba. Suna kuwa ba a ƙasa na gan shi ba. Yana wurinki."

"Za ta tsane ni."

"Ban sani ba. Abin da na sani, akwai jarirai a rugar nan."

*

Aka taru a gindin mangwaron ƙofar mai gari. Samari a gefe guda, wasunsu da adduna. Pasto Rufus a kan benci. Nuru ya zo shi kaɗai ya tsaya inda kowa zai gan shi. Emilia tana kusa da matan zumunta, mahaifiyarta a bayanta.

Azariya ya yi bayani dalla-dalla, yadda yake koya wa mafarauta. Ya faɗi zancen kofato a kan shara, da maraƙin da ya sha bilic, da ramin da aka binne gansakuka, da duwatsun da aka jera.

"Jonathan, ɗana, in ka je ɓata gonar maƙiyinka, kana share masa hanya?"

"A'a, Baba."

"Kana jera masa duwatsu?"

Matan ne suka fara ganewa. Wani gunaguni ya bi ta cikinsu, domin duk sun san wa ake jera wa duwatsu.

"Wanda ya yi aikin nan ba ɓarna ya je yi ba," in ji Azariya. "Gyara ya je yi wa baƙi. Kuma namu ne, daga cikin garin nan."

"To wane ne?" in ji mai gari.

Azariya ya dogara da sandarsa ya kalli ƙasa. Har ya fara tunanin zai zama dole ya faɗa da bakinsa. Wani saurayi ya ce tsoho yana kare Fulani ne kawai, wasu suka amsa masa. Sai aka ji motsi a cikin mata.

Mama Dinah ta fito tsakiyar fili. Ta ɗaga hannuwanta biyu don kowa ya ga yatsun.

"Ni ce. Ni na wanke shi. Ban san rai ne a ciki ba. Kuma tun jiya da safe na san ni ce, na bar ku kuna kiran sunan Nuru."

Emilia ta miƙe tsaye. Ta dubi mahaifiyarta kamar ba ta taɓa ganinta ba, sannan ta dubi hannuwan. Ta taka a hankali ta je ta kama su ta sauke su ƙasa, ta riƙe.

"Mama, da hannu kika kankare dutsen nan duka?"

"Da hannu."

Emilia ta sunkuyar da kai, amma ba ta saki hannuwan ba.

Mai gari ya umarci samari su ajiye adduna a gabansa, suka ajiye. Jonathan ya je gaban Nuru yana murza hularsa.

"Nuru, mun yi kuskure. Ka yi haƙuri."

"Na ji," in ji Nuru. "Tare muka yi firamare da kai, Jonathan. Da ka zo ka tambaye ni." Ya yi wa mai gari sallama ya juya.

Mama Dinah ta zare hannunta daga na 'yarta ta bi bayan Nuru. Azariya ya bi su daga nesa, don hanyar akwai duwatsu kuma matar ba ta ci komai ba tun jiya.

A ruga kaya suna jere a ɗaure, jakuna a tsaye. Mama Dinah ta durƙusa a gaban Inna Khairat ta faɗi abin da ta faɗa a gaban jama'a, ba ta rage ba. Tsohuwar ta saurare ta har ƙarshe, sannan ta kama ta ta ɗaga.

"Tashi, Dinah. Ke kin yi shara inda bai kamata ba. Su kuwa da suka wasa adduna, ba ke kika wasa musu ba."

"Ku zauna, Inna. Don Allah ku zauna."

Inna Khairat ta dubi ɗanta, ta dubi Azariya, ta dubi hanyar da ta gangara zuwa ƙauyen. Sannan ta sunkuya ta kwance ƙulli ɗaya, ta ciro tukunya ta ɗora a murhu don baƙuwarta ta sami abin sawa a ciki. Sauran kayan ta bar su a ɗaure.